Sharhi: Rangadin yini guda a fagen daga na Somme

Duk wanda zai je arewacin Faransa don ganin inda aka gwabza yaƙin Somme a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, shawarata ita ce ya biya kuɗin ɗan rakiya. Na faɗi haka duk da ƙorafin da nake da shi a kan kamfanin da ya ɗauke mu daga birnin Amiens. Dalili kuwa, ƙasar ba ta nuna wa baƙo komai. Gonaki ne shimfiɗe iya ganinka, sai maƙabartu tsaf-tsaf nan da can a bakin hanya. Wanda ya je shi kaɗai sai ya ratsa inda dubbai suka faɗi bai ma sani ba.

Da ramin Lochnagar aka fara, kusa da ƙauyen La Boisselle. Nakiya ce sojojin Birtaniya suka binne ƙarƙashin sansanin Jamusawa, suka tayar da ita ƙarfe 7:28 na safiyar 1 ga Yuli, 1916, minti biyu kafin a busa usur na fara kai hari. Ramin ya isa kallo, amma da ka zagaya shi ka gama.

Inda kuɗina ya halatta shi ne Beaumont-Hamel. Nan ne aka bar filin yadda yaƙi ya bar shi, ramukan fako na nan suna karkacewa, ciyawa ta rufe su, tumaki na kiwo a wuraren da aka killace. Ɗan rakiyar namu bai fara da jawabi ba. Sai da ya kai mu bakin ramin da ake kira St John's Road, ya ce kowa ya dubi gangaren da ke gabansa, sannan ya fara bayani.

Mako guda igwogin Birtaniya suka yi suna luguden wuta, harsashi sama da miliyan ɗaya da rabi, aka tabbatar wa sojojin ƙasa cewa ba za su tarar da mai rai ba. Ashe Jamusawa sun haƙa ɗakuna can cikin ƙasa mai alli, wasu zurfinsu ya kai mita 10. Harsasai da yawa ba su fashe ba, waya mai ƙaya kuma tana nan ba ta tsinke ba. Ƙari a kan haka, nakiyar tudun Hawthorn da ke kusa an tayar da ita ƙarfe 7:20, wato an ba abokan gaba sanarwar minti goma su fito da bindigogi masu jigida su gyara zama.

Rundunar Newfoundland (tsibirin da yanzu yake cikin Kanada), mutum wajen 800 da ke yaƙi a ɓangaren Birtaniya, sai misalin 9:15 ta tashi, bayan waɗanda suka riga ta sun sha kashi. Hanyoyin cikin rami sun cushe da gawarwaki da masu rauni, don haka suka hau fili tun daga baya, tun ba su kai layin gaba na ɓangarensu ba. Dole kuma su bi ta 'yan ƙofofin da aka yanka a wayarsu, su kuwa Jamusawa sun riga sun saita bindiga a kan ƙofofin. Cikin rabin sa'a magana ta ƙare. Washegari da aka kira suna, mutum 68 ne suka amsa.

Na sha karanta wannan adadi, amma takawa daban take. Muka gangara a ƙafa zuwa wani ƙerarren itace da aka kafa a madadin wanda suke kira bishiyar haɗari, inda da yawansu suka taru suka faɗi. Daga nan kana hango kwarin Y Ravine, maɓoyar Jamusawa, kusa ƙwarai, ba tudu ba dutse tsakaninku da za ka raɓa. Ɗan rakiyar ya ce mu tuna kowanne yana ɗauke da kaya kusan kilo 30. A wannan rana kaɗai Birtaniya ta yi asarar mutum 57,470 tsakanin matattu da masu rauni da waɗanda suka ɓace, 19,240 daga ciki sun mutu. Ƙauyen Beaumont-Hamel da aka so kamawa da safen nan bai shiga hannu ba sai 13 ga Nuwamba.

To, ga ƙorafin. Kamfanin ya cusa wurare da yawa a yini guda, har aka riƙa yi mana kiran mota muna tsakiyar filin da ya fi cancantar a daɗe. A Thiepval, babban ginin tunawa mai ɗauke da sunaye sama da 72,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, a gurguje muka leƙa, alhali an ɓata lokaci mai tsawo wajen cin abincin rana. Abin da ya fi ba ni haushi, maƙabartar Jamusawa ta Fricourt, mai mutum wajen 17,000, ta taga aka nuna mana ita. Sojojin Faransa da suka yi yaƙi a kudancin kogin Somme, har da waɗanda aka kwaso daga ƙasashen da take mulka a Afirka, ko ambatonsu ba a yi ba sai da na tambaya. Labarin rabi aka ba mu, kodayake rabin an ba da shi da kyau.

Shiga Beaumont-Hamel kyauta ne, kuma ɗalibai 'yan Kanada da ke aiki a wurin suna zagayawa da baƙi. Mai motar haya zai iya haɗa wannan da Thiepval da Fricourt a natse. Wanda zai bi kamfani ya tambaya tun kafin ya biya awa nawa za a yi a kowane wuri. A tafi da takalmi mai jure taɓo da rigar sanyi, domin iskar tudun ba ta da wasa. In kuma ka ga wani ƙarfe mai tsatsa a gefen gona, kada ka taɓa. Har yau manoman yankin suna tono harsasan da ba su fashe ba.