Hattara da masu tallan keke mai shokazoba biyu a farashin banza

Jama'ar Kano, musamman matasa da iyayen da ke shirin saya wa 'ya'yansu keken zuwa makaranta, akwai wani talla da ke yawo a Facebook da zaurukan WhatsApp wanda ya kamata ku san da shi kafin ku sa hannu a aljihu. Hoton keken hawa dutse ne mai sheƙi, tayoyi masu kauri, birkin faifai, shokazoba a gaba da wata a tsakiyar jiki, a gefe an rubuta sunan babban kamfani irin Trek ko Giant ko Specialized. A ƙasan hoton sai a ce ɗan Beljiyam ne, jiya kwantena ta sauka, saura guda uku, wanda ya riga biya shi ke da kaya. Kuɗin da suke sawa ko fok ɗin gaba, wato ƙarfen da ke riƙe tayar gaba, ba zai saya ba da a ce na gaske ne. Yau sunan shafin daban, gobe daban, lambar waya ma haka, don haka kama suna ba zai amfane ku da komai ba. Salon nasu ne ba ya sauyawa.

Sun kuma iya zaɓen lokaci. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin adaidaita sahu ya yi tashin da ɗalibi da ƙaramin ma'aikaci suka ji a jika, ga achaɓa tun 2013 aka hana shi a cikin birni. Mutane da dama sun koma keke, kuma mafi yawansu abin da suka sani bai wuce Raleigh da Phoenix na iyayenmu ba. Wanda bai taɓa riƙe na gaske ba, da me zai gane na jabu?

Mutanen nan kashi biyu ne. Na farko ba su da keke ko ɗaya, hoto ne suka kwaso a intanet. Za a ce maka kayan yana Legas, ka tura kafin alƙalami. Sai kuɗin mota. Sai wani ya kira ka wai shi ne direba, ya iso Unguwa Uku amma ba za a sauke kaya ba sai an biya 'yan dako. Kana turawa waya ta mutu. Wannan tsohuwar damfara ce, kowa ya san maganinta: ba kaya a ƙasa, ba kuɗi.

Kashi na biyun ne suka fi damuna, domin su za su kawo maka keke, ka gan shi da idonka, ka taɓa, ka biya kana murna. Jarinsu shi ne tunanin da kusan kowa ke da shi cewa shokazoba biyu ta fi ɗaya, tunda hanyoyinmu gargada ce.

Keken hawa dutse mai shokazoba iri biyu ne. Akwai mai shokazoba a gaba kaɗai, bayansa sandararre ne ba abin da ke motsi. Akwai kuma mai gaba da baya, wanda jikinsa ya rabu gida biyu aka haɗa da mahaɗai masu boris, don tayar baya ta riƙa hawa da sauka ita kaɗai. A na gaske, shokazobar baya aiki biyu take yi. Iska ko sifirin yana ɗaukar nauyinka, sannan akwai mai a ciki da ke bi ta ƙananan ƙofofi yana hana ta dawowa da ƙarfi. Man nan shi ne dukkan sirrin, kuma shi ya sa kayan kamfanoni irin Fox da RockShox ke da tsada. Sabon keke mai shokazoba biyu daga manyan kamfanonin da na ambata ya haura dala 1,000 tun a can inda ake sayar da shi, kafin a yi maganar jirgi da kwastan da ribar ɗan kasuwa. Ka buga lissafin da canjin yau, ka dubi abin da mai tallan ya rubuta.

Abin da suke kawowa kuwa keken kanti ne mai arha, an fesa masa sabon fenti an manna sitika. Shokazobar bayan sifirin ne tsirara a kan sandar ƙarfe, ba mai ba komai. Duk feda ɗaya da ka taka sai keken ya lotsa ya taso, kamar kana tuƙa tsohuwar katifar sifirin, rabin ƙarfinka ya tafi a tsalle. Mahaɗin tsakiya ba boris ba ne, ƙusa ce aka zura cikin roba. Ƙurar Kano na shiga sai ta cinye robar, bayan keken ya fara kaɗa wutsiya. Nauyi kuwa ba a magana: irinsa kan tasar wa kilo 18 ko 20, alhali na alminiyam mai shokazoba ɗaya yana wajen kilo 13 zuwa 15.

Ɗan maƙwabcinmu, ɗalibi ne da ke zuwa sabuwar jami'a daga Ɗorayi, haka aka yi masa. Da gyaran waya ya tara kuɗin. Mai kayan ya ƙi yarda a haɗu da rana, wai yana kasuwa, sai bayan magariba ya zo da keken a bakin titi, yana ta duba agogo wai akwai wani Alhaji da ke jira in yaron bai shirya ba. Ba a daɗe ba bayan keken ya fara rawa, muka kai shi wurin dattijon da ke mana gyara a unguwa.

"Baba, don Allah duba min, in na taka sai in ji baya yana kaucewa."

Dattijon bai ce komai ba. Ya ɗauko guntun maganaɗisu na tsohuwar sifika ya kai jikin keken, sai ji kake ƙat, ya manne.

"Ɗana, alminiyam aka ce maka?"

"Haka ya ce, Baba."

"To ga alminiyam ɗinka ya kama maganaɗisu."

Ya sa farce ya ɗaga gefen sitikar, sai ga wani suna daban a ƙasa. Abin canjin giya ma an rubuta wani abu mai kama da Shimano, sunan fitaccen kamfanin kayan keke, harafi ɗaya aka sauya. Da yaron ya kira mai kayan, cewa ya yi ai an gani aka saya. Washegari lambar ta daina shiga.

Kada a fahimce ni a baibai, ƙarfe ba aibu ba ne, akwai kekunan ƙarfe masu ƙarko da sun fi shekarun wasunmu. Aibun shi ne a karɓi kuɗin alminiyam a ba ka ƙarfe. Wanda ya yi maka ƙarya a wannan, sauran maganarsa ma ka ajiye ta gefe.

Idan za ka duba keke, maganaɗisun nan ka fara sawa a aljihu. Sannan ka kifa keken ka leƙa ƙarƙashin inda fedoji suka haɗu, a nan lambar jiki take. In ka ga an goge ta da faifan walda ko an cike wurin da fenti, ka tafi abinka, domin ko dai na sata ne ko ana ɓoye asalinsa, kuma in aka kama na sata a hannunka kai za ka kwana a caji ofis kana bayani. Ka danna sirdi da dukkan nauyinka ka saki. Shokazobar kirki a hankali take dawowa, shiru. Ta jabu wuf za ta yi sama har da ƙara. Ta gaske in mai iska ce za ka ga bakin hura iska irin na tayar mota, da wani ɗan maɓalli, yawanci ja, na daidaita saurin dawowa. Ka riƙe sirdi da hannu ɗaya, ka kama tayar baya ka girgiza ta hagu da dama. In ka ji ƙwas-ƙwas a tsakiya, mahaɗin ya tafi. Kayan Shimano na asali suna da lambar samfuri da aka buga a jikin ƙarfen, ta abin canjin giyar baya da RD take farawa, kana iya bincika ta a wayarka nan take. Ka kuma bi duk inda aka yi walda da ido, musamman wuyan keke, domin sabon fenti a wuri ɗaya sau da yawa tsagewa yake rufewa. Wuya in ya karye kana gangarowa daga gadar Kabuga, ba maganar asarar kuɗi ake yi ba kuma.

Shi ya sa ba sa son haɗuwar rana, ba sa kuma son ka zo da mai gyara.

Akwai wani tarkon da ya fi wannan laushi. Wani lokaci keken na gaske ne, ɗan Beljiyam na asali, sai dai ya gama aikinsa a Turai kafin ya zo. Shokazoba ta zubar da mai, boris sun ci, mai kayan ya wanke ya shafa giris ya ce lafiyarsa ƙalau. Irin waɗannan kayan kulawa suke so a kai a kai. RockShox, alal misali, cewa suka yi a yi wa nasu ƙaramin sabis bayan kowace awa 50 ta hawa, kuma ba da ƙurar hunturunmu suka yi lissafi ba. Mai iskar ma ba da famfon mai faci ake hura ta ba, tana da nata famfon na musamman. Kafin ka saya ka tambayi kanka wa zai buɗe maka ita, ina kuma za ka samo robobin ciki. In ba ka da amsa, ranar da ta mutu keken duka ya zauna.

Ni a ganina ma, ko da kuɗin na gasken kake da shi, mai zirga-zirga a cikin Kano bai da buƙatarsa. Garin nan shimfiɗaɗɗe ne, in ka cire Dala da Gwauron Dutse. Abin da ke gabanka kullum shi ne kwalta mai ramuka, burjin unguwanni irin Rimin Kebe da Sheka, yashi a lunguna, da taɓon damina. An yi mai shokazoba biyu ne don gangarowa da gudu a kan duwatsu da saiwoyi, irin abin da za ka samu a tsaunukan Jos. Hanyoyinmu, mai shokazoba ɗaya a gaba da ke lotsawa kamar milimita 100 ya ishe su, balle in tana da makullin da za ka ƙulle ta in ka hau kwalta. Tayoyi masu faɗin inci 2 da ɗan wani abu, ka rage musu iska kaɗan, za su shanye gargadar da ake tsorata ka da ita. Ya fi sauƙin nauyi, ya fi gudu a kwalta, kowane mai gyara zai iya da shi, kuma za ka iya ɗaura masa kariya ka ɗora jaka ko cefane, abin da ke wahala a wanda bayansa ke motsi. Sai dai ka kula da girman taya: akwai inci 26, da 27.5, da 29. Ka fara tambayar mai facin unguwarku wanne ake samun tayarsa da tiyub ɗinsa cikin sauƙi.

Maganar biya kuwa, hannu da hannu, da rana, a gaban mai gyaran da kai ka zaɓa. Ka hau keken ka zaga, ka canza kowace giya, ka matse birki. In tiransifa za ka yi, sunan da ya fito a asusun ya zama na wanda ke tsaye a gabanka, ba "na ƙanina ne" ba. A rubuta maka rasit da lambar jikin keken a kai.

Wanda kuma aka riga aka yi wa, kunya ba za ta dawo da kuɗi ba. Ka kira bankinka a ranar, kada ka bari sai gobe, ka shigar da ƙorafi kan asusun da ka tura wa. Ka ɗauki hoton tallan da duk hirarku kafin su goge shafin, ka haɗa da shaidar tiransifa da lambobin da suka kira ka da su, ka kai wa 'yan sanda ko ofishin EFCC da ke nan Kano. In mai shago ne da ke da wurin zama ya sayar maka da jabu, ka fara da shugabannin kasuwar, in abin ya gagara ka kai wa hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya ta FCCPC, ka tafi da keken yadda yake ba tare da ka cire sitikar ba.