Haddar jerin kalmomi ko yawan karatu: wanne ya fi amfanar ɗaliban Sin masu zurfafa Turanci?

Malam, ka ce kana karatun digiri na biyu a wata jami'a a ƙasar Sin, kuma abokan karatunka Sinawa, waɗanda suka riga suka ci jarrabawar CET-6, wato babban matakin jarrabawar Turanci ta ɗaliban jami'o'in Sin, sun nemi ka taimaka musu su ƙara yawan kalmomin Turancinsu domin su iya karanta mujallun fanninsu, su kuma rubuta maƙala. Tambayarka ita ce: shin ka bar su a kan haddar jerin kalmomi kamar yadda suka saba, ko ka janye su zuwa ga yawan karatu? A ganina karatu ne ya kamata ya ci mafi yawan lokacinsu, amma kuskure ne a raba su da hadda, domin mai jin Sinanci yana buƙatarta fiye da Bafaranshe ko ɗan Sifaniya mai koyon Turanci.

Kafin a gwada hanyoyin biyu, ya kamata a san inda waɗannan ɗalibai suke tsaye. An fara jarrabawar CET-4, wato matakin da ke ƙasa da CET-6, a 1987, CET-6 kuma ta biyo baya a 1989, ana yin su sau biyu a shekara, a watan Yuni da Disamba. Cikakken maki 710 ne, kuma 425 shi ne makin da ake ɗauka a matsayin iyakar ci. Wanda yake neman shiga digiri na biyu yana fuskantar wata jarrabawar da jerin kalmominta ya kai kimanin 5,500. To amma Paul Nation, masanin koyon kalmomi na Jami'ar Victoria da ke Wellington a New Zealand, ya nuna a 2006 cewa mai son karanta jarida ko littafin labari na Turanci ba tare da dogaro da ƙamus ba yana buƙatar iyalan kalmomi 8,000 zuwa 9,000, wato kowace kalma haɗe da 'ya'yanta, kafin ya san kashi 98 cikin ɗari na abin da ke shafi. Saboda haka akwai tazara babba tsakanin abin da jarrabawa ta nema daga gare su da abin da rubutu na gaske yake nema, kuma a cikin wannan tazarar aikinka yake.

Ta fuskar sauri, hadda ta yi wa karatu fintinkau. Ɗalibin da yake ɗaukar kalmomi 20 a rana zai iya ratsa jerin kalmomin ilimi na Averil Coxhead, wanda ta fitar a 2000 mai iyalan kalmomi 570, cikin wata guda, alhali waɗannan kalmomin kaɗai suna cike kusan kashi 10 cikin ɗari na rubutun jami'a. Mai karatu ba shi da wannan ikon zaɓi. Kalma ba ta zama a kai sai an haɗu da ita sau da yawa, kuma da zarar an wuce kalmomin yau da kullum, waɗanda suka rage sukan yi nisa da juna a rubutu, har mutum ya karanta shafuka masu yawa bai sake cin karo da wadda ya gani ba, kafin ta dawo ya manta da ita. Wannan ne ya sa ban yarda da masu cewa karatu kaɗai ya isa ba, ko da yake ra'ayin yana da manyan magoya baya irin su masanin koyon harshe Stephen Krashen.

Ta fuskar ɗorewa kuwa, hadda ba ta da tabbas sai an tsara ta. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo, sannan ta riƙa raguwa. Duk wanda ya zauna a makarantar allo ya san cewa hadda ba ta tsayuwa sai da tilawa, kuma a kan wannan ka'idar aka gina manhajojin waya da abokanka suke amfani da su, irin su Baicizhan da Shanbay, da kuma Anki, waɗanda suke dawo wa ɗalibi da kalma daidai lokacin da ta kusa kuɓuce masa. Abin da ya kamata ka hana su shi ne jerin da aka tsara bisa haruffa daga A zuwa Z. Sanannen abu ne a tsakanin ɗaliban Sin cewa kalmar da kowa ya fi sani ita ce "abandon", saboda tana farkon jerin, kuma kullum a kanta ake sake farawa bayan an gaji an ajiye littafin. Jerin da aka tsara bisa yawan aukuwar kalma a rubutu ya fi shi nesa ba kusa ba, domin ko ɗalibi ya tsaya a tsakiya, mafi amfani ya riga ya ɗauka.

Dalilin da ya sa na ce Basine ya fi wasu buƙatar hadda yana cikin asalin kalmomin. Fiye da kashi 80 cikin ɗari na jerin Coxhead sun fito ne daga Latinanci ko Girkanci. Ɗalibin Faransa ko Italiya yana ganin yawancinsu ya gane su, domin harshensa ya gaje su daga tushe ɗaya, amma mai jin Sinanci babu ko ɗaya da ya gada, kowacce baƙuwa ce gare shi. Bugu da ƙari, Sinanci yana gina kalmomin ilimi ne daga ƙananan kalmomin da kowa ya sani. Hawan jini a Sinanci "gao xue ya" ne, wato sama da jini da matsi, yaro ma zai fahimta. Turanci kuwa sai ya ce "hypertension", wanda babu abin da zai nuna maka ma'anarsa idan ba ka san guntayensa ba. Saboda haka cankar ma'ana daga mahallin jimla, wadda masu goyon bayan karatu suke dogaro da ita, ta fi yi wa Basine wuya.

A nan akwai wata dama da bai kamata ta wuce ka ba. Ɗalibin da ya tashi yana rarraba harafin Sinanci zuwa sassansa, wannan sashe yana nuna ma'ana wancan yana nuna furuci, ya riga ya saba da tunanin cewa kalma gini ce mai guntaye. Idan ka nuna masa saiwa da ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya, ya ga cewa saiwa ɗaya ce a cikin "inspect" da "prospect" da "retrospect" da "spectator", kuma tana da alaƙa da gani, zai kama da sauri fiye da yadda kake zato, kuma haddarsa za ta tashi daga tara ɗaiɗaikun kalmomi zuwa fahimtar iyali. Sai dai ka gargaɗe su cewa saiwa tana taimakon tunawa ne, ba ta isa hujjar ma'ana ba. "Receive" da "deceive" da "conceive" da "perceive" saiwarsu ɗaya, amma wanda ya dogara da ita domin ya canki ma'anarsu zai ɓata.

Inda hadda take gazawa ƙwarai, inda kuma karatu ba shi da madadi, shi ne zurfin sanin kalma, kuma a nan ne nake ganin ainihin matsalar abokanka take. Katin hadda yana ba da kalmar Turanci a gefe ɗaya, fassarar Sinanci a ɗaya gefen, sai ɗalibi ya ɗauka cewa su biyun daidai suke ta kowace fuska. Ba ya gaya masa da waɗanne kalmomi take tafiya. Basine yana cewa ya ci magani, Bahaushe ya ce ya sha magani, Bature kuwa ya ce "take medicine", kuma babu wata ka'idar nahawu da za ta fitar maka da wannan, sai yawan ji da gani. Daga nan ne ake samun kura-kuran da malaman Turanci a Sin suka saba gani, irin su "learn knowledge" a maimakon "acquire knowledge", da "open the light" a maimakon "turn on the light", duk fassara ce kai tsaye daga Sinanci. A rubutun ilimi abin ya fi tsanani, domin editan mujalla yana gane marubucin da bai ƙware ba daga irin waɗannan haɗe-haɗen tun kafin ya duba nahawunsa. Mai bincike yana buƙatar ya san cewa ana cewa "conduct an experiment" da "draw a conclusion" da "pose a threat", ya kuma san bambancin nauyi tsakanin "suggest" da "indicate" da "demonstrate" da "prove", domin wanda ya rubuta na ƙarshe a inda bayanansa ba su wuce na farko ba ya yi da'awar da ba zai iya karewa ba. Fassarar Sinanci a kan kati ba ta rarrabe waɗannan yadda ya kamata. Sai wanda ya gan su sau da dama a hannun marubutan fanninsa yake jin inda kowacce ta dace.

Haka kuma batun ajin kalma. Kalmar Sinanci ba ta sauya siffarta idan ta tashi daga suna ta koma aikatau ko sifa, matsayinta a jimla ne yake nunawa. Kalma ɗaya, "jingji", tana tsayawa a gurbin "economy" da "economic", shi ya sa ɗalibi zai haddace ɗaya ya riƙa saka ta ko'ina, ko ya rikita ta da "economical" wadda ma'anarta tsimi ce. Karatu yana gyara wannan sannu a hankali, domin ido yana sabawa da inda kowace siffa take zama.

Amma karatun ma yana da sharaɗi, kuma mutane da yawa suna faɗuwa a nan. Idan shafi yana da kalmomi 400, wanda ya san kashi 95 cikin ɗari zai ci karo da baƙin kalmomi 20, wanda ya san kashi 98 kuwa 8 kawai zai gani. Na farkon ba karatu yake yi ba, fassara yake yi da ƙamus a hannu, kuma ba zai jima ba zai gaji. Don haka kada ka ɗora su a kan manyan littattafan adabi don kawai suna da suna. Abin da ya fi dacewa shi ne su tsaya a fage ɗaya na wani lokaci: maƙalu da yawa a kan batu guda a fanninsu, ko bin labari ɗaya a jarida na tsawon makonni, ko da a China Daily ne, jaridar Sin da ake bugawa da Turanci, inda sanin abin da ake magana a kai zai rage musu nauyi. Amfanin ƙuntata fagen shi ne kalmomi iri ɗaya suna ta dawowa, wato an magance babban raunin karatu da na ambata, na nisan da ke tsakanin haɗuwa da haɗuwa.

Ta fuskar furuci, hanyoyin biyu duk ba su wadatar ba, kuma Sinawa da kansu suna da suna ga sakamakon, suna ce masa Turancin bebe. Gaɓar Sinancin Mandarin tana ƙarewa ne da wasali ko da "n" ko "ng" a mafi yawan lokuta, saboda haka cunkoson baƙaƙe irin na ƙarshen "texts" yana ba su wahala, kuma sun saba da karin sauti a kan kowace gaɓa, ba su saba da ƙarfafa gaɓa ɗaya a kalma ba, balle ƙaurar wannan ƙarfin daga "economy" zuwa "economic". Duk kalmar da za ta shiga kati, a saurare ta a kuma furta ta da baki.

Abin da zan ba ka shawara ka yi shi ne ka haɗa hanyoyin ta yadda ɗaya za ta riƙa ciyar da ɗaya. Idan suna da awa ɗaya a rana, kimanin minti 15 zuwa 20 ya isa bitar kati, sauran kuma karatu da ɗan rubutu. Su fara da tace jerin Coxhead, su cire waɗanda suka sani da gaske, kuma ma'aunin sani a nan shi ne iya saka kalmar a jimla daidai, ba tuna fassararta kawai ba. Za su tarar da yawa daga cikin waɗanda suke zaton sun sani ba su tsallake wannan ma'aunin ba. Bayan haka katunan su riƙa fitowa daga abin da suka karanta da kansu, kowane kati ɗauke da jimlar da aka samu kalmar a ciki da abokan tafiyarta guda biyu ko uku. Ƙamus ɗin masu koyo na Oxford da na Longman duk suna da bugun da ya haɗa bayanin Turanci da fassarar Sinanci, ka nace su karanta bayanin da misalan kafin idonsu ya sauka kan fassarar. Idan sun yi shakkar wani haɗi, rumbun rubutun Turancin Amurka na COCA, wanda Mark Davies ya tattara, zai nuna musu yadda ake amfani da shi a jimloli na gaske. Kai kuma babbar gudunmawarka ita ce ka karɓi sakin layi ɗaya daga kowannensu a mako, ka ja layi a ƙarƙashin haɗin da bai zauna ba, ka bar shi ya nemo gyaran da kansa.

Wanda wannan rabon lokaci bai shafa ba shi ne mai jarrabawar GRE, wadda ake yi domin neman shiga karatun gaba da digiri na farko musamman a Amurka, nan da wata biyu ko uku. Wannan jarrabawar tana kawo kalmomin da ba kasafai ake cin karo da su ba ko da a mujallun ilimi, kuma abin da take nema shi ne a gane su, ba a rubuta da su ba. Irin wannan ɗalibin ka bar shi ya ba hadda mafi yawan lokacinsa har ya gama, sannan ya dawo cikin sauran.