Gyaran tsohon hoton kaka a shagunan hoto na Yamai: hannunsu na da kyau a takarda, a fuska ne sai an tsaya a kansu

Matan da aka haifa kafin samun ƴancin kai a 1960 ba su bar hotuna da yawa ba. Idan tsohuwa ta rasu aka buɗe akwatinta, abin da ake tararwa bai wuce ɗan hoton katin ɗan ƙasa ba, ko na fasfon hajji, ko na wani taron suna da ta zauna a gefe riƙe da jariri. Daga wannan ƙwaya ɗaya ne kowa ke son nasa: babbar ƴa a Tawa, ɗan da ke biɗa a Abijan, da jikokin da aka sa wa sunanta ana kiransu Inna ko Hajiya don sakayawa. Shagunan hoto na kewayen Babbar Kasuwar Yamai da na unguwar Filato suna karɓar aikin, su ɗauki hoton a sikana, su gyara a kwamfuta, su faɗaɗa, su wanke, su sa a firam.

A taƙaice, aikin ya cancanci kuɗinsa idan mai kawo hoton ya san abin da zai nema. Idan ya ajiye ya tafi, zai iya dawowa ya tarar da wata kyakkyawar mace da ba a taɓa gani a gidansu ba.

Matakin farko shi ne sikana, kuma nan ake fara asara ba a sani ba. Yaran shago sun saba barin na'urar a kan dpi 300, wato ɗigo 300 a kowane inci, wanda ya ishi kwafin takardar makaranta. Hoton kati kuwa santimita 3.5 ne a faɗi, 4.5 a tsawo. A dpi 300 zai fito da ɗigo 413 a kan 531 kacal, da an faɗaɗa sai ya farfashe. A nemi dpi 1200. Wannan yana ba da tsawon ɗigo 2126, daidai abin da hoto mai girman santimita 13 da 18 ke buƙata ya fito tas. Ana iya matsawa zuwa 20 da 30 tun da daga nesa ake kallon abin bango, amma 30 da 40 daga hoton kati zalama ce, domin takardar asali ba ta ɗauke da bayanin da zai cika wannan fili. Shagon kirki yana faɗa wa mutum haka. Wanda kuɗin babban firam ke gabansa ba zai faɗa ba.

Kafin a ɗora hoton a kakkaɓe shi da burushi mai laushi, a goge gilashin sikanar, musamman a lokacin hunturu da ƙura ke shiga ko'ina. Ban da ruwa, ban da yawu, ban da salatif a kan tsagewa. A ɗauki bayan hoton shi ma, don sau da yawa akwai hatimin shagon da ya ɗauka ko shekarar da wani ya rubuta. Hoton da ya manne da gilashin tsohon firam saboda laimar damina kada a ɓamɓare shi, fuskar za ta bi gilashin. A ɗora shi haka nan da gilashinsa. Kuma a kawo takardar kanta. Wanda aka ɗauka da waya aka turo ta WhatsApp ya riga ya matse, sai dai idan an turo shi a matsayin fayil.

A gyaran takarda ba su da laifi. Layin naɗewa da ya ratsa kafaɗa, tsatsar ƙarfen da aka maƙala hoton da shi a jikin kati, rabin hatimin hukuma da ya hau kan mayafi, gefen da gara ta ci, duk suna share su cikin ƙwarewa. Hotuna masu kala na shekarun 1980 da suka koma ja-ja, saboda shuɗin launinsu ya riga sauran ƙoɗewa, su ma ana dawo da su kusa da asali.

Fuska ce matsalar. Yanzu da yawansu ba sa zama su gyara da hannu, manhaja suke ba hoton ta ƙara masa kaifi cikin daƙiƙu. Ita kuwa manhajar ba ta fito da abin da ya ɓace, cikewa take yi da abin da ta zata. Tsagar gado ita ce ke fara tafiya. Layukan Gobirawa da suka tashi daga gefen baki suka bazu zuwa kunne, ko dogon zanen Arawa, ko ɗan bille a gefen hanci, duk a wurinta ƙarcewar takarda ne, sai ta shafe kumatun su yi sumul. Wani lokaci ta share ɓangare ɗaya ta bar ɗaya. Wushirya takan toshe. Baƙin leɓe da aka yi da allura yakan koma jan baki. Idanu su ƙara girma, fata ta yi haske, tamojin goshi ya ɓace, tsohuwa mai shekara saba'in ta dawo kamar amarya. Ga wanda bai san ta ba hoton ya yi kyau. Amma dalilin kawo shi shi ne jika ta duba ta ga inda ta gado hancinta, ɗa ya ga irin kallon da ake masa idan ya yi laifi. Tsagar kuma ita ce ke faɗin daga ina gidan ya fito, ga shi ba a cika yin ta ga yaran yanzu ba, mai yiwuwa wannan fuskar ce ta ƙarshe a zuriyar da ke ɗauke da ita.

Maganin ba wuya. Tun wajen miƙa hoton a ce, "Malam, ka gyara takarda da baya, fuskar Inna ka bar mini ita yadda take." A nemi ganin na asali da gyararren gefe da gefe a allon kwamfuta kafin a wanke, a faɗaɗa wajen kumatu da baki. Mafi kyau a zo da wadda ta zauna da marigayiyar, ƴarta ko ƙanwarta. Ita za ta gane cikin ƙiftawar ido abin da jika ɗan shekara ashirin ba zai lura da shi ba. Ɗan dishi-dishin da ya rage a fuska ba aibi ba ne.

Sa wa baƙi-da-fari kala ma hasashe ne. Zanen saƙi mai rinin shuni yakan fito ruwan ƙasa, murjanin wuya ya koma zinariya. Idan akwai mai tuna kalar tufar a gyara da bakinta, idan babu a bar shi baƙi-da-fari. Haka tayin da sukan yi na ɗora ta gaban Ka'aba ko cikin lambun furanni. Wanda ke so ya yi kwafi dabam, kada ya zama shi kaɗai ne ya rage.

Wanki iri biyu ne a gari. Akwai na injin wankin hoto na ainihi, akwai na ƙaramar firinta mai tawada irin ta shagunan kwafi. Na biyun ya fi araha, amma tawadar da aka fi zuba masa ba ta jure haske da zafin Afrilu da Mayu, lokacin da Yamai ke haura digiri 40. A tambaya da wane za a wanke. Ledar da ake liƙawa da zafi a yi ta a kan kwafi kawai. A kan na asali ba ta ɓamɓaruwa har abada, kuma sai an hana su da baki, domin wasu gani suke alheri suke yi.

Firam ɗin shago sau da yawa hoton na jingine da gilashi kai tsaye, abin da ya jawo mannewar tun farko. A sa a yanka kwali a zagaye hoton ya raba su, a rufe bayan da kyau saboda ƙura da gara. Kafintocin kasuwar Katako suna haɗa firam na katako da ya fi na roba ƙarƙo. A rataya a bangon da rana ba ta bugu. Gidajen da ba sa rataya hoto saboda addini, girman 10 da 15 ya ishe su a ajiye cikin albam.

Kuɗi ba a rubuce yake ba a yawancin shaguna, ciniki ne. A rarraba shi: sikana nawa, gyara nawa, wankin kowane kwafi nawa, firam nawa. A ba da rabi, sauran sai an ga aiki. Alƙawarin gobe yakan ja idan ana ɗauke wuta, don haka mai son raba kwafi ranar sadakar arba'in, da dangi ke haɗuwa, ya kai aikin da mako guda a gaba.

Kada a bar na asali ya kwana a shago, sikana ba ta cin minti goma. A karɓi fayil biyu a katin memori, wanda ba a taɓa ba da wanda aka gyara, domin shago na iya share nasa idan kwamfuta ta cika. A bayan kowane kwafi a rubuta da fensir cikakken sunanta, sunan mahaifinta, garinsu da shekarar rasuwa. Biro yana huda takarda ya fito ta fuska.