Allurar wata-wata ga mai taɓin hankali: amfaninta da inda ake kuskure

Yawancin rigimar gida da mai taɓin hankali a kan ƙwaya take tashi. An sallamo shi daga Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato, ya ji sauƙi, sai ya ce ai ya warke. Ko kuma ya karɓi ƙwayar ya ɓoye ƙarƙashin harshe, inna na juya baya ya tofar. Bayan 'yan watanni an koma gidan jiya. Saboda irin wannan aka yi allurar da mutane ke ce wa ta wata-wata.

Wadda aka fi sani ita ce fluphenazine decanoate, wato Modecate, mai miligiram 25 a mililita 1. A cikin mai aka haɗa ta, ana yin ta can cikin tsokar ɗuwawu, jiki ya riƙa jan maganin a hankali. Likita kan fara da rabi, miligiram 12.5, ya jira kwana 4 zuwa 7 ya ga yadda jiki ya karɓa, sannan ya yanke tazara, daga mako 2 zuwa 5. Akwai kuma haloperidol decanoate, ita duk mako 4 ake yi.

Ga mai ciwon da ke sa jin muryoyi da zargin ana bin sa da sharri, allura ce mai kyau ƙwarai. Ta raba uwa da tsaron baki safe da yamma, kuma in aka tsallake rana kowa ya sani. Amma ba maganin baƙin ciki ko fargaba ba ce, kuma ba ta kwantar da wanda ya birkice yau, domin sai ta yi kwanaki take kama jiki.

Aikin yana wurin shawo kansa. Kada a tara masa dangi tamkar kotu. Mutum 2 ko 3 da yake jin nauyinsu sun isa, a lokacin da ya natsu, kamar bayan la'asar. Kalmar mahaukaci kada ta fito. Kada a yi musu da shi kan muryoyin, a kama abin da shi ma ya dame shi. Kawu na iya cewa, “Ɗana, kwana huɗu ke nan ba ka runtsa ba, mu je likita ya duba maganar barcin nan.” Dake ƙwaya a zuba a fura a ɓoye kuwa, ranar da ya gane zai daina cin abincin gidan gaba ɗaya. In ya ƙi, kuma ana tsoron ya cutar da kansa ko wani, asibiti za a nufa, ba gidan mari ba; dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta gindaya sharuɗɗa kafin a kwantar da mutum ba da yardarsa ba.

Babban aibinta, in ta shiga ba a iya fitar da ita, sai ta ƙare da kanta. Tana iya kawo sandarewar jiki, karkarwar hannu, dalalar miyau, kasa zama wuri ɗaya, wani wuyansa ya murɗe ko idanunsa su kafe sama. Nan ne wasu ke cewa aljanu sun dawo, alhali illar magani ce da likita ke gyarawa da rage allurar ko ƙara benzhexol, ƙwayar da ke rage sandarewa da karkarwa. Shi ma wannan a hannun babba zai zauna, don matasa na shan sa domin maye. Saboda waɗannan illoli, bai dace mai kemis ya fara wa kowa allurar ba.

Sai zafin Sakkwato. A watan Afrilu yakan haura digiri 40, maganin kuma yana rage wa jiki iya jure zafi, don haka a kula masa da ruwa da inuwa. In zazzaɓi mai tsanani ya haɗu da sandarewa da ruɗewa, kada a ce maleriya ce a jira gobe. A wuce Kware ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a take, tare da katin da aka rubuta ranar allurar ƙarshe da yawanta.