Garin kwaki ko alabo? Ki ɗauki gari

'Yar uwa, tunda kin ce buhu ɗaya kuɗinki zai iya saya na ajiya, tsakanin garin kwaki da alabo ki ɗauki garin kwaki, kar ma ki tsaya dogon shawara.

Ni dai gari ya sha rufa min asiri. Damunar da ta wuce, masara ta yi tsada, itace duk ya jiƙe, buhun da maigidan ya auno ne ya riƙe gidan. Yara su dawo daga Islamiyya da yunwa, kafin in hura wuta sun jiƙa abinsu da sukari da gyaɗa. Da rana in yayyafa masa ruwa ya ɗan kumbura, in zuba ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir da mai, kwaɗo ya haɗu. Da dare kuwa ruwa kawai zan tafasa in tuƙa teba, a ci da miyar kuɓewa ko ta agushi. Har surukata da ke cewa wannan abincin 'yan makarantar kwana ne, sai ga ta tana aiko jika da kwano.

Kuma yana jure ajiya, don ya sha wuta. Ɗanyen rogo kwana 2 zuwa 3 bayan haƙa ya fara baƙi, shi ya sa a wuraren da ake noma shi da yawa, irin su Binuwai da Kogi, ba a barin sa ya kwana biyu. A fere, a gurza, a ɗura a buhu a danne da dutse na 'yan kwanaki har ruwan ya tsane ya yi tsami, sannan a tankaɗe a soya a kasko. Wannan wahalar ce ke fitar da gubar da ke cikin rogo mai ɗaci, wadda in ta saura takan sa amai da jiri, wani lokacin har a rasa rai. Ki nemi fari irin na Ijebu ta ƙasar Yarbawa, ya fi daɗin sha kuma ya fi daɗewa. Jan mai manja ya fi kyan teba, amma in ya jima man yakan canja wari.

Alabo kuwa jiƙawa ne da shanya, bai ga kasko ba. Na taɓa sayen rabin buhu, tuwon ya yi danƙo kamar ƙaro, yara suka ƙi, ƙwari suka ƙarasa sauran. A ba shi haƙƙinsa dai, yana gyara ɗanwake, kuma in an sirka shi da garin masara tuwon yakan yi laushi. Kwano ɗaya ya ishe ki.

Sai dai ki buɗe ido a kasuwa, don wasu masu awo ba sa tsoron Allah. Sukan sa mai kyau a bakin buhu, tsoho ko mai danshi a ƙasa. Ki zura hannu can ciki ki damƙo. In ya dunƙule a tafinki bai soyu ba, ruwa za ki biya, kuma zai yi hunhuna kafin ki ci rabi. Ki watsa kaɗan a baki, ki ji ya yi garas ba tare da yashi ba. Ki kuma duba gindin kwanon awon, wasu lotsa shi suke yi, in da hali ma ki tafi da naki.

In kin kawo shi gida kar ki bar shi a buhu a ƙasa. Ki juye a babban bokiti mai murfi, saboda ɓera. Shi ke yaɗa zazzaɓin Lassa, gari kuwa yawanci da ruwan sanyi yara ke shan sa, ba a dafa shi balle wuta ta kashe ƙwayar cutar.