Rangadin ƙafa a unguwar Sinawa ta Melbourne: ya ci kuɗinsa, sai dai an yi gaggawa a ƙarshe

Duk wanda Allah ya kai shi Melbourne, a ƙasar Ostireliya, ina ba shi shawarar ya shiga rangadin tarihi da wani ƙaramin kamfani ke shiryawa a titin Little Bourke, inda Sinawa suke zaune tun zamanin haƙar zinariya. A ƙafa ake tafiya, tawagar ba ta da yawa, kowa da na'urar sauraro a kunne.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda jagorarmu ta warware asalin harajin fam 10 da aka taɓa ɗora wa Sinawa masu shigowa. Ta tsayar da mu gaban ginin Num Pon Soon na 1861, wato ginin wata ƙungiyar Sinawa, ta zaro kwafin dokar 1855 a cikin leda, muka riƙa miƙa wa juna muna dubawa. Dokar ta ce kowane Basine da ya sauka a Victoria, yankin da Melbourne take, sai an biya fam 10 a kansa, kuma jirgin ruwa ba zai ɗauko fiye da Basine ɗaya a kan kowane tan 10 na girmansa ba. Daga hannun matuƙin jirgin ake karɓar kuɗin, shi kuwa ya ɗora wa fasinja, wanda galibi da bashi ya baro Guangdong, a kudancin ƙasar Sin.

Daga nan ta koma baya zuwa Disamban 1854, lokacin da Turawan mahaƙa suka yi tawaye a Eureka, kusa da Ballarat, saboda tsadar lasin haƙa. Kwamitin da gwamnati ta kafa don duba kokensu ya ba da shawarar a soke lasin, a maye shi da takardar fam 1 a shekara. Wannan kwamitin dai shi ya ce a sa wa Sinawa harajin shigowa. Wato hannun da ya share wa wasu hawaye shi ya ɗora wa wasu kaya, kuma wallahi wannan ya taɓa ni, domin akasari labarin Eureka na 'yanci kawai ake bayarwa. Ba ta ɓoye dalilan da Turawan suke kawowa ba: zinariyar saman ƙasa ta fara ƙarewa, ana rikici a kan ruwan wanke ta, Sinawa kuma suna samun rabo a ramukan da wasu suka yasar. Ta faɗe su ɗaya bayan ɗaya ba tare da ta wanke kowa ba.

Labarin Robe ma ta ba shi haƙƙinsa. Don kauce wa harajin, jirage suka koma sauke mutane a wannan ƙaramar tashar ta yankin Kudancin Ostireliya (South Australia), maƙwabciyar Victoria, sama da mutum 16,000 suka taka fiye da kilomita 400 zuwa filayen zinariya. A hanya ne wasunsu suka gano zinariya a Ararat a 1857, kuma a shekarar ce Kudancin Ostireliya ta yi tata dokar ta taƙaita shigowar Sinawa.

Inda na ga gazawa shi ne ƙarshen rangadin. An tsaya ɗanɗana abinci har lokaci ya ƙure, sai aka dunƙule tarzomar Lambing Flat ta 1861, inda Turawan mahaƙa suka far wa Sinawa, da dokar yankin New South Wales da ta biyo bayanta, da soke dokar Victoria a 1865, da jarrabawar shifta ta kalma 50 da dokar 1901 ta kawo don hana waɗanda ba Turawa ba shigowa ƙasar, duk cikin 'yan mintoci. Wanda bai san tarihin ba zai fita da zaton dokar ɗaya ce ta zarce har 1901, alhali an soke an kuma dawo da wasu sababbi. Na'urar ma tana ƙara idan an shiga lungu.

Duk da haka a je. A nemi zagayen safe kafin titi ya cika, a kuma tambayi jagorar takardun koke da Sinawan suka rubuta wa gwamnati suna adawa da harajin, don ba ta fito da su sai an nema.