Diyyar Sakacin Likita a Amurka: A Sa Mata Iyaka Ko A Bar Wa Kotu?

A jihar Kalifoniya, dokar 1975 ta tsayar da diyyar raɗaɗi da ƙuncin rai a kan dala 250,000 idan sakacin likita ya cutar da majinyaci. Kuɗin magani da albashin da aka rasa ba sa cikin iyakar. Texas ta bi sahu a 2003. Hujjar masu goyon baya ita ce inshorar da likitoci ke biya don ta biya musu diyya idan an kai su ƙara za ta yi sauƙi, musamman masu karɓar haihuwa, kada tsada ta kore su.

New York kuwa ba ta sa iyaka ba, kotu ke duba kowace shari'a da nauyinta. Likitocinta na biyan inshora mai tsada, wannan gaskiya ne.

Duk da haka na fi karkata ga tsarin New York. Jariri da tsoho da uwargidan da ba ta aikin albashi ba su da albashin da za a lissafa musu, don haka a kansu iyakar ke faɗawa. Lauya ma yakan guji ƙararsu, tunda daga diyyar yake cire kasonsa. Kalifoniya ta bar adadin nan kusan shekara 50 ba ƙari, kaya na ta tsada, sai a 2023 ya koma dala 350,000.